Fiton Mai Giɓi

Ku matso inuwa, jirgin nan ba yanzu zai dawo ba. Na san mai tuƙa shi, in ya ƙetare sai ya gaisa da kowa har da awaki. Tunda zama ya kama mu, bari in ba ku wata magana da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, in na gama ku raba mini gardama. Sharaɗina ɗaya ne, kada wanda ya tsinka mini zance. Kai mai buhun albasa, da kai nake, tun ɗazu bakinka bai huta ba.

A can cikin fadama, inda ruwa kan yi wata bakwai bai janye ba, akwai wani ƙauye da ake kira Mashigin Bado. Mutanensa shinkafa suke nomawa, su kama kifi. A nan aka yi wani dattijo, Baba Anaruwa, wanda sana'arsa ba ta yi kama da ta kowa ba. Shi da shaho yake farauta. Na ga wasunku sun ɗaga gira. E, shahon nan dai da kuka sani, mai sure muku 'yan tsaki. A gidansu Baba Anaruwa, tun kakan kakansa, ɗauko shi ake yi daga sheƙa yana ɗan tsako, a rene shi a hannu, a ɗinka masa 'yar hular fata mai rufe ido, a ɗaura masa 'yar ƙararrawa a ƙafa, har ya tashi bai san kowa ba sai mutum ɗaya da kira ɗaya.

Yadda ake farautar kuwa abin kallo ne. In shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen ruwa sukan sauko mata kamar an yi musu gayya: kirinjijiya masu kukan nan kamar busa, da agwagin ruwa iri-iri, da dinya, ƙatuwar nan mai ƙaya a gaɓar fiffike. Sai dattijon ya tsaya a kan tudu, ya zare wa shaho hula, ya ɗaga hannu. Shaho ya yi ta hawa yana kewaye har ya koma kamar ƙwayar gero a sama, ya tsaya can yana jira. Tsuntsayen ruwa ba wawaye ba ne. Da sun hango shi sai su lafe a kan ruwa, don sun san ba ya dira a can. To, a nan aikin mai bugun ruwa yake. Wani zai zagaya da kwalekwale ta bayansu, ya ɗaga gwangwalar tuƙi ya maka wa ruwa, su tashi a firgice su nufi tudu. Kafin ka ce kwabo ka ji iska ta yi kuka, gashi ya watse, agwagwa ta faɗo a busasshiyar ƙasa. Dole ta wajen tudu za a kora su. In shaho ya kama babban tsuntsu a saman ruwa mai zurfi ba ya saki, nauyin sai ya ja shi su nutse tare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gonar da shaho ya yi shawagi a kanta sau biyu, tsuntsaye sukan yi mako ba su kusance ta ba. Shi ya sa in an yi girbi kowane manomi kan kai wa mai shaho dami guda, in kuma ana taro a ba shi wuri a gaba.

Shahon Baba Anaruwa sunansa Alƙali. An tambaye shi dalili, ya ce ai in ya yanke wa agwagwa hukunci ba a ɗaukaka ƙara. Shekarar Alƙali biyar a hannunsa, kuma in dai gaskiya za a faɗa, dattijon ya fi hira da tsuntsun nan a kan 'ya'yansa.

Ƙa'ida biyu ake bi a gidan. Ta farko, yunwa. Shaho ba kare ba ne, ba ya bin ka don ƙauna. Abin da ke dawo da shi hannunka shi ne ya san a nan abinci yake. Kullum da safe dattijon kan sa yatsa ya shafa ƙashin ƙirjin Alƙali, in ya ji tsoka ta rufe ƙashin, ranar ba fita. Wanda ya saki ƙoshasshen shaho, to ya yi masa sallama kawai. Ta biyu kuwa al'ada ce da suka gada: mai shaho ba ya kai loma bakinsa sai shahonsa ya ci a hannunsa. Sukan ce kai ka raba shi da uwarsa, kai ka hana shi ƙoshi, to ba ka da bakin cin tuwo yana kallon ka.

'Ya'yan dattijon uku ne, duk manya. Babbansu Jatau, manomin shinkafa, mutum mai shiru. Mutanen gari kan ce malalaci ne, don yakan wuni a kan rumfar tsaron gona yana kallon tsuntsaye baki sake. Mai bi masa Mato, mai kwalekwale, shi ke fito da mutane ƙetare, shi ne kuma mai bugun ruwa in uban zai yi farauta. Mato komai nasa da gudu ne, hannunsa kan riga kansa. Autarsu Delu, mijinta ya rasu ta dawo gida tana kula da uban. Delu tausayi gare ta har ya yi yawa, ko ƙadangare ta ga ya rame sai ta zuba masa tsaki. Abu ɗaya take ji da shi a jikinta, haƙoranta. Jeraru ne tas, kullum tana goge su da fure, in ta yi dariya a bakin rafi sai mata su ce ta ƙara.

A shekarar da nake ba ku labari, yana ta fara rufe wa dattijon ido. Da kunne yake farauta, yana bin ƙarar ƙararrawa.

Washegarin Babbar Sallah ya shafa ƙirjin Alƙali da sassafe, ya ji daidai, ya ba shi ɗan abin da ya saba ba shi, ya fita gaishe-gaishe. Delu tana tsakar gida tana suyar nama. Ta duba ta ga karen maƙwabta ya ci har ya kasa tashi, ta ga kaji suna wasa da kitse, sannan ta waiwaya ta ga Alƙali a kan turkensa yana juya kai wajen ƙamshi. Zuciyarta ta karye. Ta ce a ranta, ranar da kowa ya ƙoshi shi kaɗai zai wuni da yunwa? Ta yanko ɗanyar hantar rago, tsoka guda mai kyau, ta miƙa masa. Ya haɗiye. Ta ƙara masa, ya haɗiye. Ta ji daɗi ƙwarai, ta koma kan suyarta.

Da la'asar Mato ya shigo da baƙi daga ƙetare, sun ji labarin Alƙali suna so su gani da idonsu. Ana ta azalzala, rana za ta faɗi, Baba a yi sauri. Dattijon ya sa safarsa ta fata a hannun hagu, ya ɗauki shaho, bai sake shafa ƙirjin ba. A bakin ruwa ya zare hula ya ɗaga hannu. Alƙali ya hau, ya hau, ya yi kewaye ɗaya, ya dubi agwagi kamar wanda aka kawo wa tuwo bayan ya tashi daga walima, sannan ya miƙe gabas. Baba Anaruwa ya yi fito, irin kiran da yake masa kullum da baki. Ya yi ta yi har ƙararrawar ta ɓace masa, har aka kira magariba.

Da suka koma gida Delu ta kawo tuwo da miyar nama. Ya ture kwanon a hankali. Washegari ma haka, ruwa kawai yake sha. Liman ya zo ya zauna kusa da shi, ya ce, “Malam Anaruwa, wannan fa ba addini ba ne, ranka amana ne a hannunka.” Dattijon ya ce, “Gaskiya ne, Allah gafarta malam. Shi ma amana ne, kuma na san bai iya ci ba sai da ni.” Ya yi godiya, ya sa aka raka Liman, kwanon kuma yana nan a rufe. Ni dai a ganina taurin kai ne, amma ban taɓa renon shaho ba, don haka ba zan cika baki ba.

Rana ta uku ya kira 'ya'yansa. Ya ce shahon da ya kwana bakwai a daji ya manta da mutum, ko ya ga hannu ba zai sauko ba. Ya ɗaga safar nan, wadda ta ci hannun ubansa da na kakansa har ta yi baƙi, ya ce, “Idona ya ƙare, ko ya dawo ba ni zan ƙara sakin sa ba. Wanda ya dawo mini da Alƙali, shi zan sa wa wannan.” Ku lura, “wanda” ya ce, bai ce “waɗanda” ba. Mutum ɗaya ke ransa.

Samarin gari sun riga sun duba kurmi da bakin gulbi, ba ko alama. To ga abin da Jatau ya yi. Wannan kallon tsuntsaye da ake masa dariya a kai, ashe karatu yake yi. Ya san kowane garke da inda yake fitowa da lokacin da yake sauka. Tun rana ta biyu ya lura kirinjijiyar kudu da ta yamma suna zuwa da la'asar kamar kullum, amma ta gabas ba ta tasowa sai rana ta faɗi, kuma ta zo a yunwace tana ci kamar mahaukaciya. Ya ce a ransa, akwai abin da ke zaune a kansu duk wuni yana hana su tashi. Gabas kuwa ba inda kirinjijiya ke kwana sai Tafkin Giginya, wanda ciyawar kacala ta kewaye shekara da shekaru ba mai shiga.

Sai dai Jatau bai faɗa wa kowa ba. Shinkafarsa saura kwana kaɗan a yanka, matarsa tana jego, kowa a gari yana tsaron tasa gonar tunda ba shaho, ba wanda zai bar wa. Ya ce bari dai in ga gobe, wataƙila tsuntsun ya dawo da kansa. Gobe ta zo, ya ce bari in ga jibi. Rana ta huɗu da yamma ya shiga gaishe da uban, ya tarar a kwance yake salla. Da gari ya waye ya sauko daga rumfa, ya bar majajjawarsa a rataye, ya rungumi goran iyo ya faɗa ruwa. Wuni ya yi yana ratsa fadama. A bakin kacalar ya tsinci gashin agwagwa yana yawo, ya duba gindinsa ya ga shaidar baki, wato fige shi aka yi, ba zubewa ya yi ba. Ya ƙirga gashin ya ga na tsuntsu ɗaya ne tak. Ya gane Alƙali sau ɗaya ya ci a kwana biyar. Yana can sama yana jiran mai bugun ruwa, ba mai zuwa. Jatau ya yi tsit cikin ruwa iya wuya, har iska ta kawo masa ƙarar 'yar ƙararrawa daga bayan ciyawa. Da ya dawo ya bi ta gonarsa. Tsuntsaye sun rufe ta kamar an shimfiɗa baƙin zane. Bai ko ɗaga murya ba, ya wuce gida.

Rana ta shida da asuba su uku suka shiga kwalekwalen Mato. Uban ba ya ɗaukuwa, leɓɓansa sun bushe, ko hura wuta ba zai iya ba balle fito. Sun so su bar Delu, ta ce ko a ƙafa sai ta bi su, ba su san dalili ba. Mato ya tsaya a goshin jirgi da adda yana saran kacala, ya tura, ya sara, ya tura. Ganyen nan kaifi gare shi, kafin hantsi tafin hannunsa ya zama nama. Sai bayan azahar ciyawa ta buɗe, suka faɗa tafki mai faɗi, baƙi ƙirin don zurfi, bado ya rufe gefensa. A tsakiya ga matacciyar giginya ba kai, a samanta ga Alƙali, ya rame har ya yi tsini.

Jatau ya ɗaga safa da tsokar nama a kai, ya yi fiton ubansu. Fito mai kyau, tas, yadda aka koya masa tun yana yaro. Alƙali ya karkata kai ya dube shi, bai motsa ba. Mato ya ce ba haka ake yi ba, ya yi nasa da ƙarfi har tafkin ya amsa. Alƙali ya girgiza jiki, ya buɗe fiffike ya tashi. Ba wajensu ya nufo ba. Ya fara kewaye yana hawa, kowane kewaye yana ƙara nisa da su.

Delu ta ce, “Yaya, wannan ba fiton Baba ba ne.”

Mato ya ce, “Ke rufe mana baki, shi ya koya mana da bakinsa.”

Ta ce, “Da wane bakin? Na da, ko na yanzu?”

Ga abin da take nufi. Shekara takwas da suka wuce dattijon ya gatsi rake, haƙorinsa na gaba na sama ya tafi da shi. Tun daga ranar fitonsa ya canja, iska kan tsiyaye ta giɓin, ƙarshen kiran ya fita da wani ɗan huci kamar an ɗiga ruwa a garwashi. Su maza sun koyi fiton ne lokacin bakin uban yana cike, kuma kunnensu ya saba har bai ji bambanci ba. Alƙali kuwa shekararsa biyar. Tunda aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa jin fiton mai cikakken baki ba. Delu ce ke jin na yanzu kullum safiya daga taku uku, in ana ba tsuntsun abinci. Kun san dai an ce mace ba ta fito, amma ita a madafa takan kwaikwaya a hankali in ba kowa. Ta san hawansa da saukarsa, abu ɗaya ne ba ta da shi.

Shaho ya koma ɗigo a sama. Jatau yana cewa a tsaya a yi shawara, Mato yana cusa tsinke tsakanin haƙora yana hura iska ba kan gado. Delu ta ɗauki ƙusar da Mato ke gyaran jirgi da ita, ta ɗora kanta a kan haƙorinta na gaba na sama, ta ɗaga ƙotar adda ta buga. Bai fita ba. Ta ƙara bugawa kafin su kama hannunta. Ta tofar da shi a tafin hannu, ta kurkure baki da ruwan tafki, ta ɗaga kai. Ta gwada fito, na farko jini ne kawai da iska. Na biyu ma haka. Na uku sai ga fiton Baba Anaruwa ya fita daga bakin 'yarsa, har da hucin nan na ƙarshe. Can sama ɗigon ya tsaya. Ya juyo. Ƙararrawa ta fara kusantowa har ta zo daidai kansu.

To ga inda Mato ya yi nasa. Shekara ashirin yana bugun ruwa. Da ya ga shaho ya daidaita a samansa, hannunsa bai tsaya neman izinin kansa ba, ya ɗaga gwangwala ya maka wa ruwa. Ashe akwai dinya kwance cikin badon nan. Suka tashi fuu, ba tudu ko'ina, sai tsakiyar tafki. Tsuntsun da sau ɗaya ya ci a kwana biyar ba ya zaɓen ƙarama. Alƙali ya naɗe fiffike ya sauko a kan babbar cikinsu, ya kafa mata farata, su biyu suka faɗa tsundum cikin ruwa mai zurfi, ruwan ya rufe.

Mato bai tuɓe ko riga ba. Ya yi nutso ya same su a ƙasa sun sarƙe da jijiyoyin bado, dinya tana duka da fiffike. Ƙayar fiffikenta ta tsaga masa fatar ido, ruwa ya yi ja, bai saki ba. Ba dama ya ja shaho ta fiffike, gashin zai karye ya tashi daga aiki. Ba dama ya ɓamɓare faratan, ba sa buɗuwa. Sai ya murɗe wuyan dinyar, ya ɗago ta da hannu biyu sama da kansa, shaho yana kanta a waje yana shan iska, shi kuwa kansa yana cikin ruwa yana harba ƙafa. Haka ya taho. Su Jatau ba abin da suke gani sai hannaye biyu da tsuntsaye biyu suna matsowa. Da suka jawo shi cikin jirgi sai da ya amayar da ruwa kamar tulu kafin ya iya cewa uffan.

Rana ta karkata, kuma ba wanda ya san ko uban zai ga wayewar gari. Mato ya ce ba za su bi hanyar da suka sara ba, ta yi nisa, za su yanke ta cikin kututturan da ruwa ya cinye. Ya san abin da hakan zai yi wa jirginsa. Ba su yi rabi ba gindin ya tsage. Ya sauka cikin ruwa ya ɗaura igiya a ƙugu yana ja, Jatau yana kwarfe ruwa da ƙwarya, Delu tana rungume da shaho cikin mayafinta. Alƙali yana jin warin naman dinya yana kuka irin na yunwa. Sau biyu hannun Delu ya tafi wajen naman, sau biyu ta dawo da shi, tana hawaye, jini yana bin haɓarta. Suna taɓa gaɓar gari kwalekwalen ya rabe biyu, bai sake hawa ruwa ba.

Dattijon yana kwance ido rufe, mata sun fara taruwa a tsakar gida. Tun daga zaure ya ji ƙararrawa, ya motsa yatsu. Aka sa masa safa, Jatau ya tallafe masa gwiwar hannu, aka ɗora Alƙali. Aka ba shi zuciyar dinyar ya riƙe, tsuntsun ya sunkuya ya ci, ya ci. Sai da ya ji tsuntsun ya goge baki a jikin safar sannan ya ce, “Ina kunun?” Ya sha ludayi uku, ya ce ba tsami. A nan kowa ya san ya tashi.

Bayan kwana biyu ya iya zama, ya tara su da dattawan gari, safa a cinyarsa. Delu ta gaishe shi, ya ji maganarta tana tsiyaya. Ya ce ta matso, ya sa yatsa ya shafa bakinta. Da ya ji giɓin sai hawaye suka zubo masa, ya fara miƙa safar wajenta. Ta janye hannu ta ce, “Baba, tsaya ka ji. Ni na ba shi hanta ranar nan.” Sai Mato ya ce tunda abin faɗar gaskiya ne, shi ya bugi ruwa a kan zurfi, saura ƙiris ya kashe tsuntsun bayan an same shi. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce shi tun rana ta biyu ya san inda yake, ya yi shiru kwana biyu saboda shinkafa, uban yana kwance da yunwa. Dattijon ya ce, “Ni ma ban sake shafa ƙirjinsa ba.” Ya mayar da safar cinyarsa.

Wani ya ce su riƙa karɓa-karɓa. Dattijon ya ce shahon da ya ci a hannu uku ba na kowa ba ne, ranar da aka sake shi ba zai san inda zai sauka ba. Wani mai wayo ya ce ai ga Alƙali a gida, a bar shi ya yanke. Aka jera su uku kowa da tsoka a hannu, aka zare masa hula. Ya dubi Jatau, ya dubi Mato, ya daɗe yana duban Delu, sannan ya yi tsalle ya koma hannun tsohon da ba ya riƙe da komai. Alƙalin da ba a ɗaukaka ƙararsa, ranar ya ƙi zaman shari'a.

Sai gardama ta koma wajen mutane. Masu goyon bayan Jatau suka ce ba don shi ba har yau ana dube-dube a kurmi, kuma shi kaɗai ya san halin tsuntsayen ruwa, wanda shi ne rabin sana'ar. Ga shi ya rasa abincin shekara, ga mai jego a ɗaki. Aka ce musu, to kwana biyun da ya yi shiru fa, da tsohon ya cika a cikinsu?

Masu goyon bayan Mato suka ce sanin wuri ba isa wurin ba ne. Shi ya kai su, shi ya shiga inda ake mutuwa, shi ya dawo da su a kan lokaci, ya rasa jirgin da yake ci da shi, idonsa na hagu kuma bai ƙara buɗuwa sosai ba. Aka ce musu, ai ramin da ya fitar da tsuntsun shi ya jefa shi ciki, kuma mai hannun da ke riga kansa, yaya za a ba shi abin da ke son haƙuri?

Masu goyon bayan Delu suka ce maza biyu sun ga shaho da idonsu yana tafiya ba su da abin yi. Ita ta ji abin da kunnen kowa ya tsallake, ita ta ba da abin da ba ya sake tsirowa, kuma yau duk garin bakinta kaɗai Alƙali ke amsa wa. Aka ce musu, wa ya jawo abin tun farko? Kuma tun kakan kaka ba macen da ta taɓa sa safar nan. Mato ma ya ce in dai giɓi ne, shi ma yana da haƙoran da zai bayar. Wata tsohuwa ta ce masa, “Ranar ai suna bakinka.”

Ana wannan, tsuntsaye suna can suna cin shinkafar gari, dole a saki shaho cikin kwana uku, kuma dole daga hannu ɗaya. Tsohon yana zaune da safa a cinya, yana juya ta, kowane ɗa ya tuna sai ya ji kamar zai yi wa sauran biyun zalunci. Wanda ya ba ni labarin nan ya ce yunwar kwana shida ba ta ramar da dattijon kamar yadda wannan zaman ya ramar da shi ba.

Ga jirginmu can ya taso, kuna da lokaci kafin ya iso. Kai mai albasa, yanzu na sake maka baki. Ɗaya ya gano, ya rasa gonarsa. Ɗaya ya yi fito da jirgi ya tsamo, ya rasa jirgin. Ɗaya ta yi fito da baki ta juyo da shi, ta rasa haƙorinta. Kowannensu kuma da laifinsa a wuya, ba wanda ya ɓoye. In kai ne Baba Anaruwa, safa ɗaya ce a cinyarka kuma hannun hagu ɗaya take shiga, to a cikin ukun nan wa za ka ce ya miƙo hannu?